LISSAFIN GUDU DA NISA DA LOKACI: BAYANI DOMIN 'YAN MAKARANTA DA DIREBOBI DA SAURAN MATAFIYA

Tun ran 3 ga watan Fabrairu na shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta keɓe Abuja domin ta zama sabon babban birnin Tarayya, garuruwan Gbagyi da ke kewayen wurin suka fara sake kama. Karu na ɗaya daga cikinsu. Da gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga watan Disamba na 1991, sai ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'o'in hannu suka kwararo, kuma da yake kuɗin haya a tsakiyar birni ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, da yawa suka yada zango a Karu da Nyanya da Jikwoyi da Kurudu, wasu ma suka ƙetara iyaka zuwa Mararaba da Masaka a cikin Jihar Nasarawa. Kowace safiya waɗannan jama'a kan hau hanyar Keffi, su bi ta Kugbo zuwa Asokoro da Garki da Wuse, da maraice kuma su juyo.

Duk wanda ke cikin wannan kai da kawowa yana yin wani lissafi a ransa, ko ya sani ko bai sani ba. Ma'aikaci yana auna ƙarfe nawa ya kamata ya bar gida don kada a rufe littafin sa hannu bai iso ba. Direban bas yana auna sawu nawa zai yi kafin azahar. Mahauci daga mayankar Karu yana auna ko nama zai isa kasuwa kafin rana ta yi zafi. Wannan lissafi kuwa shi ne wanda yara ke gamuwa da shi a takardar jarrabawa, inda za a ce mota kaza ta tashi daga gari kaza da gudu kaza, yaushe za ta cim ma wata, sai ka ga yaro ya yi tagumi kamar an tambaye shi da wani baƙon harshe. Nufin wannan ɗan littafi shi ne ya nuna yadda ake warware irin waɗannan tambayoyi ta hanyar aljabra, ya kuma nuna cewa amsoshinsu sun shafi rai da lafiya, ba maki kaɗai ba.

ABUBUWA UKU DA KE TAFE TARE

Kowace tafiya tana da nisa, tana da lokacin da ta ci, tana kuma da gudu, watau yawan nisan da aka ci a cikin awa guda. Ƙa'idar da ta ɗaure su ita ce: nisa daidai yake da gudu sau lokaci. Motar da ke cin kilomita 60 a awa guda, in ta yi awa 3 tana tafiya, ta ci kilomita 180. Wanda ya san biyu daga cikin ukun nan zai iya fitar da na ukun. In lokaci ake nema, sai a raba nisa da gudu. In gudu ake nema, sai a raba nisa da lokaci.

Mutanen da ma sun san wannan, sai dai ma'auninsu daban ne. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su ƙidaya mil, zango suke ƙidayawa, madugu kuma ya san abin da jaki mai kaya zai iya ci daga asuba zuwa hantsi. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun ƙayyade tafiyar da ake yin ƙasaru a cikinta da mil 48 na Larabawa, suka kuma kwatanta ta da tafiyar yini biyu ta dabbobi masu kaya, wanda yake nuna sun haɗa nisa da gudu da lokaci wuri ɗaya. Zuwan Turawa ya kawo mil na Ingilishi, daga baya a cikin shekarun 1970 ƙasar nan ta koma ga awon mita da kilomita, a zamanin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka kuma bar fam da sule aka kama Naira da kwabo a 1973. Dattijon direban da har yanzu da mil yake tunani, sai ya riƙe cewa mil 5 kusan kilomita 8 ne.

Kafin a taɓa kowace tambaya, wajibi ne a daidaita ma'auni. In an ba da gudu da kilomita a awa, to lalle lokaci ya zama da awa, ba da minti ba. Nan ne yara da yawa ke faɗuwa. Minti 15 rubu'in awa ne, minti 20 sulusi, minti 30 rabi, minti 40 sulusi biyu. Awa tana da minti 60 ne, ba 100 ba, saboda haka wanda ya ga 1.5 a fuskar na'urar lissafi ya ce awa ɗaya da minti 50, ya yi kuskure. Awa ɗaya da rabi ke nan, watau minti 90.

ABIN DA AKE NUFI DA ALJABRA

Kalmar Larabci ce. Ta fito ne daga sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa al-Ma'amun, a kan lissafin al-jabr da al-muƙabala. Asalin ma'anar jabr shi ne ɗori, irin wanda ake yi wa ƙashin da ya karye, domin ana ɗauke abin da ya tauye wani ɓangaren lissafi a cike shi. Babban kashi na littafin nan a kan rabon gado da wasiyya yake, watau bukatar alƙalai da magada ce ta sa aka tsara fannin. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a sha'anin hisabi: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan tsara lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741.

Dabarar aljabra guda ɗaya ce, kuma mai sauƙi ce. Abin da ba a sani ba, a raɗa masa suna, a yi ta aiki da shi kamar an san shi, har ya bayyana kansa. Al-Khwarizmi yana kiransa shai'un, watau abu. A makarantun zamani ana rubuta harafin x, kuma da yake wannan harafi ba ya cikin abacadan Hausa, ba zai ruɗe da wata kalma ba. Bayan an raɗa suna, sai a nemi abubuwa biyu da labarin tambayar ya nuna daidai suke, a sa alamar = a tsakaninsu. Daga nan sai a riƙa lura da su kamar sikelin mai sayar da hatsi: duk abin da aka ƙara wa hannu ɗaya a ƙara wa ɗayan, duk abin da aka ɗebe a nan a ɗebe a can, haka nan wajen ninkawa da rabawa. Muddin an kiyaye wannan, sikeli ba zai karkata ba.

Lambobin da ke cikin misalan da ke tafe an zaɓe su ne domin sauƙin lissafi, sai inda aka faɗi cewa awon gaske ne.

MAI BIN SAWU DA MASU TARAR JUNA

A ɗauka daga Karu zuwa Keffi kilomita 40 ne. Wata babbar mota ɗauke da siminti ta tashi daga Karu da ƙarfe 7 na safe tana cin kilomita 40 a awa. Da ƙarfe 7 da kwata sai mai kayan ya tarar direba ya manta takardun kaya, ya shiga ƙaramar mota ya bi shi yana cin kilomita 60 a awa. Shin zai cim masa kafin Keffi?

Abin da ba a sani ba shi ne tsawon lokacin da ƙaramar mota za ta yi tana bi. A kira shi x, da awa. Babbar mota ta riga ta da rubu'in awa, saboda haka lokacinta x + 1/4 ne. Yanzu sai a tambaya, mene ne daidai a tsakanin motocin biyu a sa'ad da suka haɗu? Gudunsu ba ɗaya ba ne, lokacinsu ba ɗaya ba ne, amma nisan da kowace ta ci daga Karu ɗaya ne, tun da ga su gefe da gefe. Ƙaramar ta ci 60 sau x, babbar ta ci 40 sau (x + 1/4). Sai a rubuta:

60x = 40(x + 1/4)

In an warware baka, 40 sau x ya ba da 40x, 40 sau rubu'i ya ba da 10, sai ya zama 60x = 40x + 10. A ɗebe 40x daga kowane hannu, saura 20x = 10. A raba kowane hannu da 20, sai x = 1/2. Rabin awa ke nan, watau zai cim masa da ƙarfe 8 saura kwata. A gwada a gani: ƙaramar mota ta ci kilomita 30 a rabin awa, babbar kuma a cikin minti 45, watau rubu'i uku na awa, ta ci kilomita 30. Sun yi daidai, kuma saura kilomita 10 a shiga Keffi. Wannan gwaji na ƙarshe bai kamata a tsallake shi ba ko da ana sauri, domin shi ne shaidar da mai lissafi ke da ita a hannu.

Mai lura zai ga wata gajeriyar hanya a ciki. Babbar mota ta ba da ratar kilomita 10, ƙaramar kuma tana rage ratar da kilomita 20 kowace awa, watau bambancin gudunsu. Idan abubuwa biyu sun nufi wuri ɗaya, bambancin gudu ne ke aiki. Idan kuwa sun tari juna, jimlar gudu ce ke aiki.

Misalin na biyun yana kan hanyar jirgin ƙasa. Layin dogo daga tashar Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016, tsawonsa wajen kilomita 186 ne, wannan awon gaske ne. A ɗauka jirgin fasinja ya tashi daga Idu yana cin kilomita 70 a awa, a daidai lokacin kuma wani jirgi ya taso daga Rigasa yana cin kilomita 54. A nan lokacin tafiyarsu ɗaya ne, a kira shi x, nisan da suka ci kuwa in an tara shi ne tsawon hanyar duka: 70x + 54x = 186, watau 124x = 186, x kuma 1.5. Za su haɗu bayan awa ɗaya da rabi, kilomita 105 daga Idu, kilomita 81 daga Rigasa. Ga ɗan makaranta wannan amsa ce kawai. Ga ma'aikatan jirgi kuwa, da yake layin guda ɗaya ne, dole a tsara lokutan tashi ta yadda haɗuwar za ta faɗo a tashar da ke da wurin ratsewa, ɗaya ya tsaya ɗaya ya wuce.

TAMBAYAR MAI LATTI

Akwai wata irin tambaya da masu shirya jarrabawa ke so ƙwarai, domin ba a ba da nisa a cikinta ba, ba a kuma ba da lokaci kai tsaye ba. Wani ma'aikaci da ke zaune a Karu yana barin gida a lokaci guda kullum. Ran da motarsu ta ci kilomita 24 a awa, ya makara da minti 6. Ran da ta ci kilomita 36 a awa, ya isa da sauran minti 4. Nawa ne nisan ofishinsa?

A kira nisan x. Lokacin ranar farko shi ne x a raba da 24, na rana ta biyu x a raba da 36. Tsakanin makara da minti 6 da isa da sauran minti 4 akwai minti 10, ba minti 2 ba. Wanda ya ɗebe a nan maimakon ya tara, ya ɓata aikinsa tun daga tushe. Minti 10 sudusin awa ne. Saboda haka:

x/24 − x/36 = 1/6

Domin a rabu da ɓarin lambobi, sai a ninka kome da 72, tun da 24 da 36 da 6 duk suna shiga cikinsa ba saura. Sai ya zama 3x − 2x = 12, watau x = 12. Nisan kilomita 12 ne. Ranar farko ya yi minti 30 a hanya, rana ta biyu minti 20, lokacin da yake da shi kuwa minti 24 ne, wanda yake nufin gudun kilomita 30 a awa ya ishe shi ya isa a kan kari.

TARKON MATSAKAICIN GUDU

Ga wurin da manya ma ke tuntuɓe. Mutum ya tafi aiki da safe cikin cunkoson motoci, ya ci kilomita 12 ɗin nan da gudun kilomita 12 a awa. Da dare ya komo hanya ta buɗe, ya yi gudun kilomita 48 a awa. In aka tambayi matsakaicin gudunsa a zuwa da dawowa, abin da zuciya ke fara rayawa shi ne a tara 12 da 48 a raba biyu, a ce 30. Ba haka ba ne. Zuwa ya ci awa guda cur, dawowa ta ci minti 15. Nisa duka kilomita 24, lokaci duka awa ɗaya da kwata. In aka raba 24 da 1.25, sai a sami 19.2. Dalili kuwa shi ne ya daɗe yana rarrafe, bai daɗe yana gudu ba, don haka rarrafen ya rinjayi lissafin. Matsakaicin gudu kullum nisa duka ne a raba da lokaci duka, ba shi da wata hanya.

Wannan magana tana da nauyi fiye da yadda ake zato, kuma ya kamata direbobin hanyar Keffi su tsaya a kanta. A ɗauka wata safiya tafiyar kilomita 12 ta ci minti 48. Wani ɓangare an yi shi cikin cunkoso ana cin kilomita 6 a awa, abin da bai fi saurin mai tafiya a ƙasa da yawa ba, sauran kuma an yi shi da gudun kilomita 60. Kilomita nawa ne cunkoson? A kira shi x, sauran hanya kuma 12 − x. Minti 48 humusi huɗu ne na awa. Sai a rubuta x/6 + (12 − x)/60 = 4/5. A ninka kome da 60: 10x + 12 − x = 48. Ya zama 9x = 36, x kuma 4. Ashe kilomita 4 kacal ne suka cinye minti 40, sauran kilomita 8 kuwa minti 8 suka ci.

To, direban da ya fito daga cunkoso ransa a ɓace, ya danna totur yana so ya rama lokacin da ya ɓata, me zai samu? Ko da ya ninka gudunsa ya kai kilomita 120 a awa, minti 8 ne za su koma 4. Tafiyar minti 48 ta zama ta minti 44. Minti 4 ke nan ya saya da rayukan mutanen da ya ɗauko. Wanda ya sammaka da rabin awa ya riga cunkoson taruwa, ya sami abin da babu wani gudu da zai ba shi.

Haka abin yake ko a buɗaɗɗiyar hanya. A tafiyar kilomita 40, ƙara gudu daga 40 zuwa 60 yana rage minti 20, daga awa guda zuwa minti 40. Daga 60 zuwa 80 yana rage minti 10. Daga 80 zuwa 100, minti 6. Daga 100 zuwa 120, minti 4. Ƙarin kilomita 20 ne a kowane mataki, amma ribar sai raguwa take yi, alhali kuwa haɗarin sai hauhawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin da ke jawo mutuwa da kashi 4 cikin 100. Saboda irin wannan ne Dokokin Hanya na ƙasar nan suka ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu. Bas da tasi ba su wuce 90. Tanka da tirela ba su wuce 60. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ita ce ke lura da bin waɗannan iyakoki, a 2017 kuma ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu.

LISSAFIN SAKAN DA MITA

Abubuwan da ke kashe mutane a hanya ba a cikin awa suke faruwa ba, a cikin sakan suke faruwa, saboda haka yana da kyau a iya juya kilomita a awa zuwa mita a sakan. Kilomita guda mita 1,000 ce, awa guda kuma sakan 3,600, don haka sai a raba gudun da 3.6. Mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 kowane sakan. Mai 72 yana cin mita 20. Mai 100 yana cin kusan mita 28. Tsakanin ido ya ga akuya ko yaro a kan kwalta da ƙafa ta kai ga birki, akan ɗauki wajen sakan guda ko fiye, ko ga direban da ba ya gyangyaɗi, ba ya kuma riƙe da waya. A cikin wannan sakan mota tana tafe da cikakken gudunta. Bayan an taka birkin kuma, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba ya bin gudu kafaɗa da kafaɗa: in gudu ya ninka sau biyu, nisan birki yana ninkawa sau huɗu, in ya ninka sau uku, sau tara.

Wuce babbar mota a hanyar da ba a raba ta biyu ba, tambayar bin sawu ce da ta tarar juna a haɗe, kuma direba kan warware ta ne da ido cikin ƙiftawa. Ga yadda take a takarda. Tirela tana cin kilomita 54 a awa, watau mita 15 a sakan. Ƙaramar mota a bayanta tana cin 72, watau mita 20 a sakan. Domin ta wuce lafiya, a ɗauka sai ta cinye ratar da ke tsakaninsu, da tsawon tirelar, da tsawon kanta, da ratar da za ta bari a gaba kafin ta koma hannunta, duka mita 60. A kira sakan da za ta ɗauka x. Sai 20x = 15x + 60, watau 5x = 60, x kuma 12. Sakan 12 za ta yi a hannun da ba nata ba, a cikinsu kuma za ta ci mita 240, ba 60 ba. Motar da ke tahowa daga gaba ba tsayawa za ta yi tana jira ba. In ita ma tana cin kilomita 72, za ta ci mita 240 a wannan lokaci, jimla mita 480. In kuwa mai ganganci ne yana cin 108, zai ci mita 360, jimla mita 600. Ma'ana, direban da ba ya hangen fiye da rabin kilomita na hanya fayau a gabansa, ba shi da hurumin fita. A kan kwana ko a hawan tudu ko cikin ƙurar hunturu, wannan hange babu shi.

Mai tafiya a ƙasa shi ma yana da nasa kason. Lafiyayyen mutum yana cin kamar kilomita 5 a awa, kusan mita ɗaya da rabi a sakan. In faɗin kwaltar da zai tsallaka mita 11 ne, yana bukatar wajen sakan 8. A cikin sakan 8 motar da ke cin kilomita 100 a awa ta ci mita 220 da 'yan kai, tsawon filin ƙwallo biyu ke nan. Motar da aka hango can nesa kamar ƙwaro, ta iso kafin a kai tsakiya. Tsohuwa, ko mai goyo, ko 'yar talla da faranti a ka, sun fi haka bukatar lokaci. Hawa gadar masu tafiya a ƙasa, irin waɗanda aka gina a Nyanya da Mararaba, yana ƙara wa tafiya 'yan mintoci, iyakar kuɗinsa ke nan.

GA IYAYE DA MALAMAN MAKARANTA

Yawancin yaran da ke kasa wannan fanni ba ninkawa da rabawa ne suka gagare su ba. Abin da ke kayar da su shi ne juya labari ya koma lissafi, musamman da yake da Ingilishi ake rubuta tambayoyin jarrabawar WAEC da NECO. Maganin abin shi ne a sa yaro ya maimaita labarin da Hausa, da bakinsa, kafin ya ɗauki alƙalami. Sa'an nan ya ja layi a takarda ko a ƙasa, ya sa Karu a wannan baki, Keffi a wancan, ya nuna inda kowace mota ta tashi da inda ta dosa. Ga kowace mota ya rubuta gudunta da lokacinta da nisanta, ya sa x a gurbin da babu kome. Tambayar da za a dinga yi masa ita ce: me ya zo daidai a nan, nisa ne ko lokaci? In ya amsa wannan, ya ci rabin aikin. Malamin da ya ba yara ƙa'ida su haddace ba tare da zanen nan ba, ya ba su abin da zai zube da zarar an sauya fasalin tambaya.

Uba ba ya bukatar ya yi zurfi a boko kafin ya taimaka. In ana tafiya a mota, sai a nuna wa yaro agogon gudu da mitar da ke ƙidaya kilomita, a sa shi ya rubuta lambar da ke kai da lokacin tashi, in an isa ya sake rubutawa, ya fitar da matsakaicin gudun tafiyar da kansa. Sau da yawa zai yi mamakin ganin allura ta yi ta taɓa 90 a hanya, amma amsar da ya samu ba ta kai 60 ba, saboda tsayawa shan mai da shingayen bincike da ratsa garuruwa. Malamai kuma da ke neman ƙarin horo da littattafai suna iya tuntuɓar Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Kwali, cikin Babban Birnin Tarayya, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a ƙarshen shekarun 1980 domin bunƙasa koyar da lissafi da bincike a kansa.

Ga tambaya guda domin gwaji. Wani ɗan kasuwa ya tashi daga Karu zuwa Karshi a kan keke yana cin kilomita 10 a awa, ya bar keken a can wurin gyara, ya komo a babur yana cin kilomita 40 a awa. Zuwa da dawowa, ban da zaman da ya yi a can, sun ci awa biyu da rabi. Kilomita nawa ya ci a zuwa? Wanda ya kira nisan x, ya tara lokacin zuwa da na dawowa, ya ninka kome da 40, zai iske 5x = 100, nisan kuma kilomita 20: awa biyu a kan keke, rabin awa a kan babur.